Yadda Ake Fito da Sabuwar Haja: Darasi Daga Kasuwar Waya ta Dilimi

Idan ka je birnin Jos, hedikwatar Jihar Filato, ka ce kana neman wayar hannu, da wuya a rasa wanda zai ce maka ka nufi Dilimi. Dilimi sunan kogi ne da ya ratsa birnin, kuma sunan wani layi ne a cikin gari wanda ya shahara da cinikin waya. A can za ka ga shaguna a jere, kowanne da akwatin gilashi cike da wayoyi. Za ka ga masu sayar da caja da batir, da masu gyara sun sunkuya a kan ƙananan tebura, da samari masu tarar mai wucewa suna tambayar sa abin da yake nema.

Ka ɗan tsaya ka karanta sunayen da ke jikin kwalayen wayoyin. Za ka yi ta cin karo da Tecno da itel da Infinix da Samsung. Kowace waya daga cikinsu akwai ranar da take sabuwa fil, babu wanda ya san ta, babu wanda ya yarda da ita. Wasu wayoyin sun karɓu har sun cika kasuwa, wasu kuwa sun ɓace, ba a ko tuna sunansu. Wannan darasi zai bayyana maka abin da ya raba su, da kuma abin da mai kasuwanci ta intanet zai koya daga gare su.

Batun ya shafe ka, domin a yau matasa da yawa suna saye da sayarwa ta WhatsApp da Facebook da Instagram, wasu tun suna makaranta. Yawancinsu jarinsu kaɗan ne. Babban kamfani yana iya yin asara ya sake tashi, amma mai ƙaramin jari idan ya saro kayan da ba a so, kuɗinsa sun kwanta ke nan, wataƙila ma har da bashin da ya ci.

Domin bayanin ya zauna maka sosai, bari mu ɗauka kana zaune a Jos, ka tara naira dubu hamsin, kana so ka riƙa sayar da acca ta intanet ga mutanen Kano da Kaduna da Abuja. Acca hatsi ce mai ƙananan ƙwayoyi da ake nomawa a Filato, ana yin tuwo da kunu da fate da ita. Za mu riƙa komawa kan wannan misali a kowane sashe.

Na ɗaya: Ka fara da damuwar mai saye

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na wannan shekara ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula. Jama'a suka yi murna, amma ba da daɗewa ba wata matsala ta bayyana. Sabis ɗin wani kamfani yakan yi ƙarfi a wata unguwa, ya yi rauni a wata. Bugu da ƙari, kiran wanda ke kan layin wani kamfani ya fi tsada a kan kiran wanda kuke kamfani ɗaya. Saboda haka mutane suka koma yawo da waya biyu ko uku a aljihu.

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda ya fara yin wayar Tecno a shekarar 2006, ya lura da wannan hali. A shekarar 2008 ya karkata hankalinsa ga kasuwar Afirka, ya riƙa kawo waya mai ɗaukar layi biyu a farashi mai sauƙi. Ba shi ne ya fara ƙera irin wannan waya a duniya ba, amma shi ne ya gane cewa a nan ake matuƙar bukatar ta. Daga nan ya duba wasu matsalolin. Wutar lantarki ba ta tsayawa, sai ya sa batir mai daɗewa. Kamarar wayoyi da yawa ba ta fito da fuskar baƙar fata da kyau, sai ya gyara tasa kamarar don ta dace da launin fatarmu. Zuwa shekarar 2017, babu kamfanin da ya kai shi yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Tecno da itel da Infinix ɗin da ka gani a Dilimi duk nasa ne.

Tun kafin wannan, kamfanin Nokia ya yi irin wannan dabara. A shekarar 2003 ya fito da ƙaramar waya mai lamba 1100, wadda ke da tocila a kanta. A ƙasar da dare kan yi babu wuta, wannan 'yar fitila ta jawo masu saye ƙwarai.

To, mene ne damuwar mai sayen acca? Duk wadda ta taɓa dafa ta za ta gaya maka: yashi. Ƙwayoyin acca ƙanana ne, raba su da yashi aiki ne mai cin lokaci, kuma cokali ɗaya mai tsakuwa ya isa ya ɓata wa mutum abinci. Idan ka gane haka, hajarka ta zama acca wadda aka wanke, aka rairaye, aka busar, sai dafawa kawai. Kafin ka kashe ko kwabo, ka tambayi mutum ashirin masu cin acca abin da ke hana su sayen ta a kai a kai. Ka rubuta amsoshinsu a littafi. Abin da suka fi maimaitawa, shi za ka magance, kuma shi za ka sa a gaba cikin tallarka.

Na biyu: Ka auna farashi da aljihun mutane

A shekarun farko na wayar salula, ana cajin kira ne da minti. Minti ɗaya yakan kai naira hamsin, kuma ko da sakan goma ka yi kana magana, kuɗin minti cikakke za a cire maka. A watan Agusta na shekarar 2003 kamfanin Globacom, wanda aka fi sani da Glo, ya shigo kasuwa da lissafin sakan-sakan. Iyakar maganarka, iyakar kuɗinka. Jama'a suka yi tururuwa, kuma ba a jima ba sauran kamfanonin suka bi sahu. Glo ya zo a makare, bayan wasu sun riga shi da shekara biyu, amma ya sami wurin zama domin ya sayar da kira daidai gwargwadon abin da talaka zai iya biya.

Haka madarar Cowbell ta yi a shekarar 1993. A lokacin an fi sanin madarar gari a cikin gwangwani, wanda ba kowane gida ke iya saye ba. Sai aka fito da ita a ƙananan ledoji, yadda mai kuɗi kaɗan zai sayi ta shan shayi ɗaya. A gaskiya wannan hikima tsohuwa ce a kasuwannin ƙasar Hausa. Mai ƙullin gishiri da mai kasa tumatir kashi-kashi sun daɗe da sanin cewa mutane da yawa kullum suke samu, kullum suke kashewa.

Saboda haka kada ka ce sai mudu biyar za ka sayar. Wanda bai san ka ba ba zai tura maka kuɗi masu yawa a karon farko ba. Ka yi ƙaramar leda ta gwaji, sannan ka yi matsakaiciya da babba. Wanda ya ji daɗin ƙaramar, shi zai dawo neman babbar.

Amma ka yi hattara: sauƙin farashi daban, karya farashi daban. Ka zauna ka lissafa kuɗin sari, da ladan masu wankewa, da kuɗin leda, da kuɗin mota zuwa tasha, da kuɗin data. Ka tuna kuma acca takan ragu bayan an cire mata yashi da dusa, don haka mudu goma da ka saro ba zai fito mudu goma ba. Bayan ka haɗa duka, sai ka ɗora riba daidai. Wanda ya sayar ƙasa da abin da ya kashe don ya tara jama'a, jarinsa yake ci bai sani ba.

Na uku: Ka gwada kafin ka yi shela

Ba kowace sabuwar haja ce ke zuwa da nasara ba, ko da ta babban kamfani ce. A watan Agusta na shekarar 2016 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da wayar Galaxy Note 7, bayan ya yi mata gagarumar talla. Cikin 'yan makonni sai rahotanni suka fara zuwa cewa batirin wasu yana zafi har ya kama wuta. A watan Satumba kamfanin ya nemi a dawo masa da wayoyi kimanin miliyan biyu da rabi, ya musanya wa mutane da wasu. Sai wasu daga cikin na musanyar su ma suka kama wuta. Aka hana shiga jirgin sama da wayar a ƙasashe da dama, kuma a watan Oktoba kamfanin ya daina yin ta ɗungurungum. Wata biyu kacal ta yi a kasuwa.

Samsung ya farfaɗo domin yana da ƙarfin jari, kuma ya fito fili ya amsa laifinsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu ko ya ba su wata wayar. Duk da haka, abin lura shi ne talla ba ta gyara haja. Idan hajar tana da aibi, yawan talla sai dai ya ƙara yawan waɗanda za su ga aibin.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sanar da duniya, ka aika wa mutum goma accarka, wasu a cikin Jos, wasu a nesa. Ka roƙe su su gaya maka gaskiya. Shin an ji yashi? Shin ta bushe sosai, ko kuwa ta fara wari bayan mako biyu a leda? Shin ledar ta fashe a bayan mota? Kwana nawa saƙon ya yi kafin ya isa Kano daga tashar Bauchi Road? Kuskuren da mutum goma suka gani, kana iya gyara shi a asirce. Wanda mutum ɗari suka gani kuwa, kafin ka farga ya zaga wayoyin jama'a.

Na huɗu: Gani ya kori ji

Ka lura da yadda ake ciniki a Dilimi. Mai saye yakan ɗauki wayar ya jujjuya ta a hannu. Ya kunna ta, ya sa layinsa, ya gwada kira, ya ɗauki hoto. Ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, har a sallama. Ya san shagon, ya ga fuskar mai shagon, ya san inda zai dawo idan wani abu ya faru. Duk waɗannan abubuwa su ne ke sa ya saki kuɗinsa da kwanciyar hankali.

Mai sayarwa ta intanet ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abokin cinikinka hoto kawai yake gani, kuma wataƙila an taɓa cutar sa ko an cuci wani nasa. Manyan kamfanonin ciniki ta intanet sun fuskanci wannan matsala. Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a Legas a shekarar 2012, sun ba mutane damar biyan kuɗi sai kaya sun iso hannunsu. Da haka suka rage wa mutane tsoro. A watan Agusta na shekarar 2015, lokacin da kamfanin Google ya haɗa hannu da Infinix suka fito da wayar Hot 2 a Nijeriya, an sanar da farashinta a fili, aka kuma sayar da ita ta Jumia da kuma a shaguna. Mai son saye ta intanet ya samu, mai son ya taɓa da hannunsa shi ma ya samu.

Kai ma dole ne ka nemi abin da zai maye maka gurbin akwatin gilashi. Ka ɗauki hoton accarka ta ainihi da hasken rana, kada ka ɗauko hoton wani. Ka yi ɗan gajeren bidiyo da ke nuna yadda ake wankewa da shanyawa da aunawa. Ka rubuta farashi da nauyi a fili, ka daina cewa sai an biyo ka ta akwatin sirri kafin a ji kuɗi. Ka faɗi kuɗin aike da ranar da kaya za su isa. Sunan da ke kan asusun bankinka ya zama daidai da sunan da aka san ka da shi. Ga mutanen cikin gari, ka yarda su biya bayan sun karɓa. Idan waɗanda suka gwada sun yaba, ka nemi izininsu kafin ka nuna wa wasu maganarsu.

Ka kuma tsayar da ranar farawa, ka sanar da ita tun saura mako guda, ka faɗi adadin ledojin da kake da su. Idan talatin ne, ka ce talatin ne. Kada ka karɓi kuɗin mutum hamsin alhali kayan mutum talatin gare ka.

Akwai wani tarko da ya kamata ka guje masa. Za ka ji wasu suna tallata abinci da sunan magani, suna cewa yana warkar da ciwo kaza da kaza. Kai abinci kake sayarwa, ka tsaya a kan abin da ka tabbatar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan kasuwarka ta fara girma, ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC, ka kuma nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda ke kula da ingancin abinci da magunguna a Nijeriya. Waɗannan suna ƙara wa mai saye natsuwa, kuma suna kare ka daga saɓa doka.

Na biyar: Ciniki bai ƙare da karɓar kuɗi ba

Ka sake duba masu gyaran nan na Dilimi. Suna cikin dalilan da ke sa wata waya ta fi wata karɓuwa. Mai saye yakan tambaya: idan gilashinta ya fashe, ana samu? Idan batirinta ya mutu fa? Wayar da babu kayan gyaranta, ko tana da kyau, mutane sukan yi ɗari-ɗari da ita. Transsion ya gane haka da wuri, shi ya sa ya kafa sashen gyara mai suna Carlcare, wanda ke da cibiyoyi a manyan garuruwa, inda ake kai waya mai garanti.

Acca ba ta bukatar mai gyara, amma mai sayen ta yana bukatar ya san kana nan. Bayan kaya sun isa, ka kira ko ka aika saƙo ka tambaya ko an ji daɗinsu. Idan wani ya yi ƙorafi, kada ka kashe waya, kada kuma ka yi fushi. Ka saurara, ka ba da haƙuri, ka musanya ko ka mayar da kuɗi idan laifin daga wajenka ne. Asarar leda ɗaya ta fi sauƙi a kan asarar suna. Ka ajiye littafi mai ɗauke da sunan kowane mai saye, da garinsa, da abin da ya saya, da ranar da ya saya. Idan wata ya zagayo, ka san wanda tasa ta kusa ƙarewa, sai ka tuna masa cikin ladabi. Wanda ya dawo karo na biyu ba ka kashe komai wajen tallata masa ba, kuma sau da yawa yakan zo maka da wani.

Abin da kake da shi wanda manya ba su da shi

Wataƙila ka ce waɗannan duk manyan kamfanoni ne, masu kuɗin kafa alluna a bakin titi da ɗaukar taurarin fim su yi musu talla. Gaskiya ne, kuma kada ka yi ƙoƙarin kwaikwayon su a wannan fanni, domin naira dubu hamsin ba za ta kai ko'ina ba. Sai dai ka tuna cewa kamfanin da ke ƙasar Sin sai da ya turo ma'aikata, ya kashe kuɗi da lokaci, kafin ya gano abin da ke damun mai waya a Nijeriya. Kai kuwa a cikin mutanen kake zaune. Kana jin harshensu, ka san lokacin da kuɗi ke shigo musu da lokacin da suke ƙarewa, ka san kayan da ake nema da azumi da waɗanda ake nema da Kirsimeti. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka kada ka zuba jarinka duka a zubin farko. Ka kashe kashi ɗaya cikin uku wajen gwaji, ka ajiye sauran har sai ka ji abin da masu saye suka ce. Idan ka sami zarafin zuwa Dilimi, ko wata kasuwar waya da ke kusa da ku, ka nemi izinin wani mai shago ka zauna awa ɗaya a gefe. Ka saurari tambayoyin da masu saye suke yi kafin su biya kuɗi, ka rubuta su. Irin waɗannan tambayoyi ne za a yi maka a waya, kuma gara ka tanadi amsarsu tun kafin ranar farawa.

Sababbin kalmomi

Haja: kayan da ake sayarwa.
Jari: kuɗin da aka fara kasuwanci da su.
Sari: sayen kaya da yawa domin a sake sayarwa.
Tayi: faɗin kuɗin da mai saye yake son biya.
Albarka: kalmar da mai kaya yake faɗa idan tayin bai yi masa ba.
Rairaya: raba hatsi da yashi a cikin ruwa.
Aibi: lahani ko rashin kyau a jikin abu.
Ƙorafi: nuna rashin jin daɗi a kan wani abu.
Ɗari-ɗari: rashin sakin jiki da abu saboda shakka.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutane suke yawo da waya biyu ko uku a shekarun farko na wayar salula a Nijeriya?
2. Kawo abubuwa uku da kamfanin Transsion ya yi domin wayoyinsa su dace da mutanen Afirka.
3. Wane sauyi Glo ya kawo a shekarar 2003? Ta yaya ya yi kama da abin da Cowbell ta yi?
4. Me ya faru da wayar Galaxy Note 7? Wane darasi ka koya daga labarinta?
5. Bayyana hanyoyi huɗu da mai sayarwa ta intanet zai bi domin a yarda da shi.
6. Yi amfani da waɗannan karin magana a cikin jimlolinka: "Gani ya kori ji" da "Ba a fafe gora ranar tafiya".
7. Zaɓi wata haja da ake samu a garinku. Rubuta talla mai jimla biyar da ke nuna damuwar da hajar take magancewa, da farashinta, da yadda za ta isa hannun mai saye.